Tafiyarmu Yamai Ni da Yaya Don Ganin Mai Amada

Lokacin da abin nan ya faru ƙasarmu tana amsa sunan Dahome, Faransawa ba su daɗe da miƙa mulki ba. Ina aure a unguwar Gema cikin Paraku, da ɗana guda wanda na yaye, ina kuma da 'yar rumfa a kasuwar Arzeke inda nake sayar da atamfa da kallabi. Maigidana falken shanu ne. Yakan bi kasuwannin Bargu ya saya a hannun Fulani, ya loda a jirgin ƙasa zuwa Kwatano, wani lokaci kuma ya haura har Nijar in an ce dabba ta yi sauƙi a can.

Daga irin wannan tafiya ne ya dawo da rediyo, 'yar ƙarama mai rigar fata. Shi don jin labarai ya saye ta. Ni kuwa na gano cewa in aka murɗa ta a hankali ranar Lahadi da hantsi ana kamo Yamai, kuma a lokacin ne suke sa waƙoƙin mata. A nan na fara jin wata mai amada. Kiɗan ƙwaryarta da daɗi, amma ba shi ya fara kama ni ba, Hausarta ce. Mu 'yan Paraku Hausarmu ta sha Dendi da Barbanci da Faransanci har ta zama tamu ta kanmu. Ita kuwa wannan mata in za ta ce faɗi sai ta ce hwaɗi, in za ta ce yana zuwa sai ta ce shina zuwa, daidai yadda Innarmu take magana. Inna mutuniyar Arewa ce, daga wajen Dogon Dutsi cikin Nijar aka kawo ta aure Zugu, garin da Faransawa suke rubutawa Djougou, kuma a can ta rasu ina ƙarama, ba ta taɓa komawa gida ba.

Wata Lahadi bayan an gama waƙa, mai gabatarwa ya ce matar nan za ta zo Yamai da 'yan amshinta, za ta yi wasa a gidan samari bayan Sallar Layya, ya faɗi ranar. Na ajiye muciyar da ke hannuna, na yi ta jujjuya maganar a raina har yamma.

Sai da maigida ya ci sakwararsa ya wanke hannu sannan na matso.

Na ce, "Maigida, Yamai tana da nisa sosai?"

Ya ce, "Me za ki yi da nisan Yamai?"

Na gaya masa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Mutane suna zuwa Yamai neman abinci, ke za ki je kallon ƙwarya. Ga ƙorai nan cike da ɗakinki."

Na ce, "Nawa ba sa waƙa."

Bayan 'yan kwanaki shi da kansa ya tayar da zancen. Ya ce dama yana da niyyar leƙa karar shanun Yamai bayan Sallah, amma ba zai ɗauki mace ita kaɗai ya bar ta a masauki ya tafi cikin dabbobi ba. Ya ce, "In Yayarki ta Zugu za ta je, na yarda." Na ga ɗan murmushin da ya yi, na gane ya ɗauka ya rufe ƙofa ba tare da ya ce a'a ba, don mijin Yaya malami ne, kowa ya san ba ya kusantar wurin kiɗa.

Na ce, "To. Ka ara mini rediyonka in je Zugu."

Na bar rumfa a hannun maƙwabciyata, na hau irin motar nan da muke kira mil-kilo. Ƙarshen damina ne, hanya duk ramuka da taɓo, a wasu wurare sai maza sun sauka sun tura. Na rungume rediyon cikin zane kamar jariri har muka isa.

Yaya ta girme ni da yawa, ita ta riƙe ni bayan rasuwar Inna har ta kai ni ɗakin miji. Mace ce marar yawan magana, sana'arta goro, kullum tana zaune gaban huhu tana zaɓe tana yayyafa ruwa. Ban gaya mata abin da ya kawo ni ba sai da Lahadi ta zo. Muna zaune a tsakar gida na kunna rediyon ƙasa-ƙasa, na ajiye kusa da ita. Da mai amadar ta fara, sai hannun Yaya ya tsaya cikin goro. Ta ce, "Ƙara murya kaɗan." Ta saurara har aka gama ba ta ɗago kai ba. Sannan ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, "Haka Inna take jan magana in tana daka."

Na gaya mata komai. Ta ce, "Ke dai ba kya girma. Malam fa?"

Na ce, "Bar ni da Malam."

Ni da Malam akwai wasa tsakaninmu, irin na mijin ya da ƙanwar mata, tun ina yarinya yake tsokanata da cewa ni ce mai cinye masa tuwo. Bayan la'asar, da dattawan da ke ɗaukar karatu a wurinsa suka watse, na je bakin zaure na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "'Yar Paraku, an zo cinye mana hatsi ke nan?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan karon aron Yaya na zo. Za mu je Yamai ziyara."

Ya ce, "Ziyarar wa? Wa kuke da shi a Yamai?"

Na ga ba wurin zagaye, sai na faɗa masa gaskiya, da mai amada, da Hausar Inna, da sharaɗin da maigidana ya kafa. Ya daɗe yana jan carbi, har na fara tunanin motar komawa.

Sannan ya ce, "Ni ba na zuwa wurin kiɗa, kuma ba zan ce miki abin ya burge ni ba. Amma tun da na auri yayarki ba ta taɓa neman zuwa ko'ina ba sai gidan suna da gidan gaisuwa. Ita tana so?"

Na ce, "Tana so, Malam, kunya ce ta hana ta faɗa."

Ya ce, "In mijinki yana tare da ku, ku je. Kada ku bar sallah ta wuce ku a hanya. Kuma za ku ƙetare Kwara, ko? Ku dube ta da kyau ku zo ku ba ni labari, ni a littafi da bakin fatake kawai na san ta."

Da na koma Paraku na gaya wa maigida, sai ya tsaya da hula a hannu. Ya ce, "Malam ɗin da kansa?" Na ce da kansa. Ya sosa ƙeya, ya ce, "To, magana zarar bunu ce. Ku shirya."

Ban san fita waje tana da hidima haka ba sai da muka shiga shiri. Mu da muke zuwa Zugu mu dawo ba wanda ya taɓa tambayarmu ko mu su wane ne, yanzu aka ce sai da takardar shaida mai hoto. Yaya ta zo Paraku musamman don wannan. Mai ɗaukar hoton wani Bayarabe ne kusa da tashar jirgi, yana shiga cikin baƙin ƙyalle kamar mai ɓuya. Ya ce Yaya ta ja mayafinta baya a ga kunnuwa. Ta ce kunnuwanta ba su ne za su yi tafiya su kaɗai ba. Aka yi ta ja-in-ja har suka shirya a kan kunne ɗaya. Hoton ya fito tana harara kamar an ci mata bashi, maigidana ya ce ba jandarman da zai ga wannan fuska ya tsayar da mu. Daga nan muka je asibiti aka yi mana lambar rigakafi a dantse. Nawa ya kumbura har na kasa ɗaga turmin atamfa na wasu kwanaki, na Yaya ko gezau.

Sai maganar anko. Ni na so wata atamfa mai ruwan ƙwai da manyan furanni, wadda na daɗe ina ɓoyonta a ƙasan kaya don kada a saye. Yaya ta ce ita matar malam ce, ba za ta shiga garin mutane kamar tutar biki ba. Muka tsaya a kan wata shuɗiya mai ƙananan ganye. Na ba tela ya ɗinka mana riga da zane, amma kallabi na yanka wa kaina daga mai ruwan ƙwan.

Kafin a ce haka labari ya game layinmu a Arzeke. Wasu suka ce na haukace, wace ce za ta bar rumfa ta ƙetare ƙasa don waƙar da ake ji kyauta a rediyo. Amma masu faɗin hakan su ne suka fara kawo saƙo. Wannan tana son kanwa, waccan lalle, wata kuma turaren wuta irin na mutanen Barno da ake samu a can. Wata Babarbiya mai sayar da doya, wadda ba ta jin Hausa sosai, ta kawo mini manyan doya ta ce in kai wa masu masaukinmu, don ta ji an ce mutanen Nijar ba sa samun irinta. Ta ce in na dawo in yi mata waƙar ta ji abin da ya tayar da ni.

Sallah ta zo ta wuce. Daga naman layya na yi dambu, na soya wani na zuba a kwano mai murfi, na soya wagashi, cukun nan na Fulaninmu, na ƙulla gari da sukari. Surukata ta ce in kawo mata jikanta, ita ba ta ga abin zuwa ba amma ba za ta hana mai ƙafa tafiya ba. Yaya ta iso daga Zugu da ƙunshinta da ɗan kwandon goro da ta zaɓa da hannunta. Maigida ya shirya da wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, abokinsa, cikin masu ɗaukar kayan da jirgi ya sauke a Paraku su wuce da su Nijar.

Ana gobe za mu tashi, da safe maigida ya kunna rediyo, sai muka ji ba labarai, kiɗan soja kawai ake yi ba tsayawa. Ya saurara kaɗan, ya ce, "An sake yi." Sojoji sun karɓi mulki a Kwatano. Ba wannan ne na farko ba a shekarun nan, kuma mu a arewa abin bai cika taɓa mu ba, kafin azahar kasuwa ta ci kamar kullum. Sai dai an ce an rufe iyaka, ba shiga ba fita sai yadda hali ya yi.

Na shiga ɗaki na zauna kan ƙunshina, ban san lokacin da hawaye suka zo ba. Yaya ta biyo ni ta ce, "Tashi. In da rabon mu ji ta za mu ji ta. Ina dambun nan?"

Haka muka fara cin guzuri a gida. Kullum da safe maigida yakan tafi wurin da kamiyo suke lodi ya ji labari, ya dawo ya girgiza kai, mu kuma mu buɗe kwano mu ɗan taɓa. Yanzu in na tuna, kwanakin jiran nan suna cikin mafi daɗin tafiyar. Tun da aka yi mini aure ban sami zama da Yaya ba wani aiki a gabanmu ba sai lokacin. Ta yi mini kitso, na yi mata lalle. Ta ba ni labarin Inna da ban sani ba: yadda ta zo Zugu ba ta iya cin doya ba, sai da ta shekara tana neman gero a kasuwa kamar magani, da yadda matan unguwa suke sa ta maimaita magana don su ji daɗin Hausarta, ita kuma ta ƙi. Ni abin da nake tunawa na Inna bai wuce muryarta da ƙamshin man shanu a jikinta ba. A kwanakin nan Yaya ta cika mini sauran.

Ranar Alhamis da yamma maigida ya shigo da sauri, abin da ba halinsa ba ne. Ya ce, "An buɗe. Gobe bayan Juma'a za mu tashi. In ba a sami matsala ba za mu shiga Yamai ranar wasan da safe." Muka dubi kwanon nama, saura ƙasa-ƙasa. Surukata ta ji, ta aiko da kaza biyu soyayyu.

Kamiyon buhunan gishiri ya ɗauka. Aka sa ni da Yaya a gaba kusa da direba, maigida ya hau sama kan kaya tare da yaran mota, ya naɗe kansa da rawani. Direban Bazabarme ne mai barkwanci, da ya ji abin da zai kai mu ya ce ya ɗauki masu zuwa asibiti, ya ɗauki masu zuwa ɗaurin aure, ya ɗauki masu gudun haraji, amma bai taɓa ɗaukar masu zuwa jin waƙa ba. Duk inda lokacin sallah ya yi Yaya takan taɓa bayan kujerarsa, shi kuma ya tsaya ba gardama. Muka kwana a Kandi gidan wata 'yar'uwarsa. Da muka ci gaba na ga ƙasa tana sauyawa, gonakin doya suka ƙare, dawa da gero suka karɓa, itatuwa suka yi ta raguwa har ido yana kaiwa nesa.

A Malanbil, bakin iyaka, muka daɗe wurin 'yan duwan, wato kwastan, don motoci sun taru tun kwanakin rufewa. Wani jandarma ya karɓi takardunmu, ya dubi hoton Yaya, ya dube ta, ya miƙa mata da sauri. Maigida daga sama ya ce, "Ban gaya muku ba?" Sannan muka hau gada. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗin wannan ba, jiragen masunta a kansa kamar ɓawon gyaɗa. Yaya ta roƙi direba ya tafi a hankali, ta leƙa ta taga tana kallo tana motsa baki, na san haddacewa take yi saboda Malam.

A Gaya muka sauka shan fura. Matar da ke damawa ta dube mu ta ce, "Baƙi, daga ina kuka hito?" Yaya ta tsaya da ludayi a hannu jin Hausa irin ta Inna, ni na amsa. Da muka isa Doso direba ya nuna mana wata hanya da ta yi gabas, ya ce wannan ce ke zuwa Dogon Dutsi. Ba mu da lokacin bi, kuma ba mu san ko akwai sauran wanda zai gane mu a can ba. Muka dai tsaya bakin hanyar muka yi wa Inna addu'a, muka koma mota.

Mun shiga Yamai ranar Lahadi da hantsi, jikinmu duk tsami. Muka sauka gidan mai masaukin maigida a zango. Matarsa ta ga doya ta yi ta murna, ta ɗora mana ruwan wanka, ta ce ita ma za ta wurin wasan, mu bi ta. Muka yi barci kaɗan, muka yi la'asar, muka sa ankonmu. Maigida ya raka mu har ƙofa ya ce shi zai jira a waje wurin masu shayi.

Wurin fili ne mai katanga, ba rufi, an jera bencina, mata sun cika shi, maza kaɗan a baya. A gaba an kifa ƙorai, wasu a ƙasa, wasu a kan ruwa cikin manyan kwanoni. Ni a raina na ƙera mata siffa, doguwa, ƙatuwa, mai gwala-gwalai. Sai ga wata 'yar tsohuwa siririya ta fito cikin zanen saƙi, tana tauna goro, ta zauna a kan tabarma tsakiyar 'yan amshinta. Na ce wa Yaya, "Anya ita ce?" Kafin ta ba ni amsa aka buga ƙwarya, matar ta buɗe baki, nan take na gane ita ce. Rediyo ashe rabin muryar take kawo mana. Kuma rediyo ba ta nuna yadda take ɗaga gira in za ta yi zambo, ko yadda take juyowa ta harari 'yar amshin da ta makara, mata su fashe da dariya.

Ta yi wa masu haƙuri da miji waƙa, ta yi wa masu sana'a, ta yi wa malalata zambo har wasu suna rufe fuska. Mata suka yi ta tashi suna rawa suna liƙa mata kuɗi a goshi. Ni ma na tashi ban san sau nawa ba. Yaya tana zaune, hannu a kan gwiwa, babban yatsan ƙafarta kawai ke motsi. Can wajen ƙarshe sai na ga ta miƙe. Ba ta yi rawa ba. Ta taka a hankali har gaban matar, ta durƙusa, ta kwance bakin mayafinta ta zuba mata fararen goro manya, irin waɗanda ba ta sayarwa sai ga wanda ta sani.

Matar ta ɗaga hannu, kiɗa ya yi ƙasa. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ce, "Wanga goro ba na kasuwarmu ba ne. Ɗiyata, daga ina?"

Yaya ta ce, "Daga Zugu, Inna, cikin Dahome. Ni da ƙanwata. Don ke muka zo."

Matar ta dube ta, ta dubi inda Yaya ta nuna ni. Sai ta juya ga masu ƙwarya, suka ɗauka da ƙarfi, ta sa mu cikin waƙar nan take, matan Dahome biyu masu shuɗin zane da suka ƙetaro ruwa. Duk wurin aka juyo ana kallonmu ana guɗa. Yaya ta dawo ta zauna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take yi ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Da na waiga baya sai na hangi maigida a tsaye jikin katanga cikin maza, yana ta gyaɗa kai. Daga baya ya ce shayin wajen ne ba daɗi.

An tashi kafin magariba. Muka kwana biyu a Yamai, maigida yana kara, mu muna kasuwa da matar mai masauki muna haɗa saƙon mutanen Arzeke. A hanyar dawowa Yaya ta ɗora kanta a kafaɗata tun daga Doso ta yi barci, hannuna ya mutu amma ban motsa ba sai da muka kai Gaya.

Da muka iso gida ɗana ya ƙi zuwa wurina, ya maƙale a bayan kakarsa yana leƙena, sai da na fito da dabino sannan aka shirya. Yaya ta huta kwana ɗaya ta wuce Zugu. Ni kuma na buɗe rumfa washegari, amma ran nan ban sayar da ko kallabi ba, don matan layinmu sun cika wurin, kowa tana karɓar saƙonta tana cewa in sake ba da labarin tun daga farko.